Gwangwanayen Kek Masu Huji

Ba zan taɓa mantawa da bikin Zulai ba, ko da na so in manta matan ƙauyenmu ba za su bar ni ba. Har yau in na shiga gidan suna, sai an sami wata ta ɗaga murya ta ce, "Ku matsa wa bakanikiya ta zauna."

Ni dai sana'ata kayan fulawa ce. A ɗan ƙauyenmu da ke kusa da Ɗanbatta, in ana son cincin ko dubulan ko alkaki, gidanmu ake aikowa. Kek ne kawai yake ba ni kunya, ba wajen ɗanɗano ba, wajen siffa. A gwangwanayen madara nake gasa shi, cikin tukunya da yashi a kan gawayi, sai ya fito kamar an daddatsa taɓarya. Da aka ba ni aikin kayan bikin Zulai, 'yar maƙwabtanmu da za a kai Bagwai, sai na kira yayata Rabi da ke aure a Bacirawa, cikin Kano, na yi mata kuka. Ta ce in kwantar da hankalina, za ta nemo mini gwangwanayen kek na zamani, masu ado a gefe, ta ba wa direba ya kawo.

A daidai wannan lokaci mijina, Baban Hafsa, shi ma yana cikin nasa zumuɗin. Ya yi shekaru yana aiki a ƙarƙashin wani a gareji, sai a bana ya kafa 'yar rumfarsa a bakin titi, inda zai riƙa yi wa motoci juyen baƙin mai da canjin filta. Kullum da yamma zancensa ke nan, wasu kayan aiki da ya saya a Kano ta waya, ana jiran a kawo. Yana yi mini bayani ina cewa "Allah sarki" da "Ma sha Allah", alhali hankalina yana kan yawan ƙwan da zan fasa. (Matan aure sun san irin wannan sauraron. Kai yana gyaɗawa, kunne yana kasuwa.)

Ana saura 'yan kwanaki biki, da hantsi, na ji sallamar Malam Haladu a zaure. Direban motar haya ne, Ɗanbatta zuwa Kano, kuma aminin mijina tun suna yara. Ya ce, "Maman Hafsa, ga saƙo nan daga Kano," ya ajiye ya wuce, fasinja na jiran sa. Ban tambayi na wane ne ba. Wa kuma yake jiran saƙo daga Kano a duniyar nan in ba ni ba?

Na ja kwalin ɗaki na buɗe. Jama'a! Wani akwatin roba ne, a ciki ga kofunan ƙarfe a jere, kowanne a gurbinsa, manya da ƙanana, masu kauri, suna ƙyalli, gefensu da ado lanƙwasa-lanƙwasa. Sai da na yi guɗa ni kaɗai. A ƙarƙashin akwatin kuma ga wani faffaɗan faranti mai zurfi da ɗan baki a gefe, ga mazurari mai dogon wuya, ga wani ƙaton sirinji mai tiyo. Na ce Yaya Rabi ta gama mini komai: faranti na jera kek, mazurari na ɗura zoɓo a robobi, sirinji kuma na zana ado a kan kek, irin wanda nake gani a waya.

Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mini. Kowane kofi yana da huji mai kusurwa huɗu a gindinsa. Na jujjuya shi, na leƙa ta ciki, sai na yanke wa kaina hukunci cewa Turawa ba sa yin abu a banza. Na yayyanka takardar da ake naɗe bota, na toshe. Na kira Yaya Rabi na ce, "Yaya, saƙo ya iso, Allah Ya bar zumunci." Ta ce, "Haba, ba komai, ya yi miki dai ko?" Ashe ita atamfar anko take nufi, wadda ta aiko tun makon da ya wuce. Muka rabu kowa na murna da abin da ba shi ɗan'uwansa yake nufi ba.

Na tura kwalin ƙarƙashin gado don kada maƙwabta su fara zuwa aro.

Da yamma Baban Hafsa ya dawo ransa a ɓace. Ya ce, "Haladu ya ce ya ajiye kwali a zaure. Kin gani?"

Na ce, "Ya kawo dai nawa, na Yaya Rabi. Naka ban gani ba."

"Me ke cikin naki?"

"Kayan kek."

"Babu sifanar filta a ciki?"

Na ce, "Baban Hafsa, ni ban san sifana ba ne? Ko guda babu."

A kaina, sifana doguwa ce mai baki kamar na kada. Kuma da gaskiyata nake magana, shi ya sa ya yarda.

Daga nan abu ya lalace tsakaninsa da Malam Haladu. Malam Haladu yana rantsuwa kwali ɗaya aka ba shi kuma ya kawo, mijina yana cewa ya dai jefar masa da kaya a wani gari. Abin da ya fi ƙona masa rai, Alhaji Bala, kawun amarya, ya yi masa alkawarin kawo motarsa juye, motar da za ta ɗauki Zulai zuwa Bagwai. Shi ne babban mutum na farko da zai shigo rumfarsa. An kai motar, an ɗaga bonet, filta ta ƙi motsi, ta kafe a wani lungu da hannu ba ya juyawa. Mijina ya ce a ba shi zuwa ranar kai amarya. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, har taya shi faɗa nake yi. Na ce, "Direbobin nan ba su da riƙon amana, mutum ya girma amma a ba shi kwali ya kasa kaiwa." Ina faɗar haka ina zaune a kan gadon da kwalin yake ƙarƙashinsa.

A gidan su amarya na yi gashin, ana gobe yini. Kuma gaskiya a faɗe ta, kek bai taɓa yi mini kyau irin na ranar ba. Ƙarfen mai kauri ne, zafi ya ratsa ko'ina daidai, kowanne ya zame ya fito da adonsa a gefe kamar daga kanti. Sirinjin ne kawai ya ba ni wahala, sai da na sa ƙarfi kafin ya fitar da adon, na ce rashin sabo ne.

Ranar yini tsakar gida ta cika maƙil, har da dangin ango da suka zo daga Bagwai da wasu baƙi daga birni. Na jera kek a farantin nan mai baki aka kai wa maza waje, sauran aka raba wa mata. Sai yabo ya fara sauka. Wata Hajiya daga birni, mai gilashi da zobba, ta ce, "Wa ya yi wannan? A ƙauyen nan aka gasa shi?" Aka nuna ni. Da na yi godiya na koma gefe, da shi ke nan. Ina! Sai na shiga ɗaki na ɗauko akwatin, na buɗe shi a tsakiyar tabarma.

"Daga waje ake kawo su," in ji ni. (Wa ya gaya mini? Babu.) "Kowane girma da irin kek ɗin da ake yi a ciki."

Mata suka kewaye ni, kofuna suna yawo hannu zuwa hannu. Hajiya ta ɗaga ɗaya ta ce, "To wannan hujin fa? Ni nawa na gida ba su da shi."

Na gyara ɗaurin ɗankwali. Na ce, "Ai naki tsohon yayi ne, Hajiya. Wannan hujin numfashi ne. Ta nan tururi yake fita, shi ya sa kek ɗin ba ya nauyi."

Ina cikin wannan bayani, har wasu suna cewa in saya musu, sai ga Inna, surukata, ta ratso taro da sandarta. Inna kunnenta ya yi nauyi, don haka in za ta yi raɗa ana ji daga bakin rijiya. Ta tsaya a kaina ta ce, "Ke 'yar nan, mijinki yana waje shi da Haladu. Ya ce ki ba shi abin kwance filtar mota da kika toya burodi a ciki. Ya ce farantin da aka kai musu ma na tarar baƙin mai ne, ki haɗo da mazurarin, da allurar zuƙe man birki. Motar amarya suke so su gyara."

Ido duk ya dawo kaina. Ina riƙe da kofi ɗaya a sama, yatsana a cikin hujin numfashi.

Wata ta fara tofar da abin da ke bakinta. Wata ta ce, "Inna lillahi, baƙin mai muka ci?" Inna ta juya ta ce, "Sababbi ne, ya ce ko mota ba su taɓa gani ba. Ku ci abinku." Sai ta miƙa hannu ta ɗauki guda a gaban Hajiya ta kai baki. Nan dariya ta ɓarke. Ba irin wadda ake rufe baki da mayafi ba, irin wadda mata suke faɗawa jikin juna suna share hawaye. Hajiya ta cire gilashinta tana cewa, "Hujin numfashi! Wayyo cikina!" Har amarya aka ce an jiyo ta daga ƙuryar ɗaki, ita da ya kamata a ce tana kuka.

Daga baya na ji yadda aka yi a waje. An zaunar da mijina da Malam Haladu a tabarma ɗaya ba sa ko kallon juna, sai aka dire farantin a tsakaninsu. Mijina ya ƙura wa farantin ido. Malam Haladu ya ɗauki kek ya jujjuya, ya ce, ita ce maganarsa ta farko ga mijina a kwanakin nan, "Kai, wannan bai yi maka kama da gindin filta ba?"

Na tattara kayan na kai zaure. Na durƙusa ta bayan ƙofa na ce, "Malam Haladu, don Allah ka yafe mini. Na sa an zarge ka, har ni ma na yi maka baki."

Ya ce, "Na yafe, Maman Hafsa. Amma tararki kek ne, duk Juma'a, har sai na ce ya isa."

Baban Hafsa yana gefe, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Ya karɓi akwatin, ya shinshina, ya ce, "Rumfata za ta yi wata guda tana ƙanshin bota." Suka tafi tare su biyu, suka wanke kayan da kalanzir, kuma kafin la'asar motar Alhaji Bala ta sha sabon mai, ta zo ta ɗauki Zulai.

Na ɗauka zai yi mini faɗa in mun koma gida. Washegari sai ya shigo da wata tsohuwar filta da ɗaya daga cikin kofunan nan a hannu, ya zauna kusa da ni a tabarma. Ya kifa kofin a gindinta, ya zauna daram, adon nan da na yi ta yabo ya kama gefenta. Ya zura ƙarfe a hujin, ya ce, "Juya." Na juya, filta ta juya. Ya ce, "Duk wannan na gaya miki shi tun kafin a kawo. Har kika ce mini ma sha Allah."

Tun daga ranar, in yana ba ni labarin aikinsa nakan ajiye abin da ke hannuna in saurara da kunne biyu, har tambaya nake yi. In kuma aka nuna mini abin da ban sani ba a cikin taro, na koyi cewa "ban sani ba" tun kafin bakina ya riga ni ƙirƙiro masa amfani.