Matuƙin Affala Yana Ɗakin Baya

Ran Lahadi na shiga kasuwar Tawa neman albasa, na fito da ƙunshin cuku a hannu da ƙarya a baki. Wata tsohuwa daga Affala, Kaltumi, ita ta tare ni wajen masu gishiri. Mushe suke ce mini, wato malam da Faransanci.

"Mushe, an ce kai ka san Faransi."

"Na zauna can, Inna."

"To ga wanga, ka aika ma yaron nan. An ce abincinsu ba shi riƙe ciki."

Yaron nan, da ba ta kama sunansa don ɗanta na fari ne, shi ne Almustafa. Na karɓa na ce to. Ban gaya mata yana ɗakin baya a gidan maƙwabcina Illa ba, danga ɗaya tsakaninmu.

Ga yadda aka yi. Almustafa ya ci jarrabawar shiga makarantar tuƙin jirgin sama a ƙasar waje. Karatu ne mai tsada. Na ga masu yinsa can, babu ɗan manomi a cikinsu. Sai Mai Girma Uban Alkawari ya zo ya yi mana jawabi: ƙasa ta samu ƴancin kai, an daina aron matuƙi wurin Nasara. Hukuma za ta biya rabi, jama'ar Adar rabi. Jama'a ba su ajiye kuɗi, dabba suke ajiyewa da hatsi. Affala ta kawo raguna, Bambeye damman gero, makiyayan Tebaram har da bijimi.

Mai Girma ya dubi garken, ya ce abin alfahari irin wannan ba a yinsa shiru. Aka shirya liyafar ban kwana. Manya suka zo da motocinsu da masu riƙe musu jaka. Aka yanka ragunan, aka sayar da geron aka sayi lemo da man mota. Na halarta, naman ya gasu. Ban taɓa ganin aikin hukuma ya yi sauri haka ba. Kafin la'asar babu abin da ya rage sai fatu, su ma wani ya sa a mota.

Washegari Affala duka ta raka Almustafa bakin hanya. Liman ya yi addu'a, tsofaffi suka yafe masa, shi ma ya yafe musu, ya hau kamyo, babbar motar kaya. Ya sauka Tawa jiran tikiti. Yana nan yana jira.

Baƙo zai ce ya koma gida mana. Ba a haka a nan. Wanda gari ya raka, aka shafa masa fatiha, aka ci ragunan mutane da sunansa, ba ya dawowa a ƙafa ya ce bai je ba. Ran kasuwa ko ƙofa ba ya leƙawa. Ga shi makarantar ta ce in kaka ta wuce bai iso ba, gurbinsa na wani ne.

Illa ya same ni. "Mushe, kai da ka iya nasaranci, tai ka tambayo muna. Yaro na ramewa, ni kuma tuwona na ƙarewa."

Na je biro, ofishin hukuma, na samu Mai Girma ƙarami, Wakilin Gobe, yana fifita.

"Ranka ya daɗe, rabin hukuma fa?"

"Yana nan. Ba ya fita sai an nuna rabin jama'a."

"Ai kun cinye shi."

"Mun karɓi baƙi da shi. Ka daɗe a waje, ka manta da mutunci."

"To a sake tarawa."

"Madalla. Kai za ka je Affala ka ce yaro bai tafi ba?"

"Ku dai za ku je."

Ya ce hukuma ba ta tayar da hankalin talakawa. Na yaba masa wannan tausayi, na fito.

Jiya labari ya iso. Gurbin ya tafi ga ɗan wani, wanda ba a tara masa ko kaza ba, ba a kuma yi masa liyafa ba. Shi ya sa ya isa. Amma ba a manta da namu ba. An ba Almustafa aiki a filin jirgin Tawa: korar awaki da jakuna kafin jirgi ya sauka. Wakili ya ce alkawari ya cika, yaro ya shiga aikin jirgin sama.

Almustafa ya karɓa. Abu ɗaya ya roƙa, Illa ya ara masa rawani irin na Abzinawa, wanda ido kaɗai yake bari a waje.

Mutanen Affala, in kun koro dabbobi kasuwa, ku bi nesa da filin. In kuma wani mai rawani ya kore ku bai yi sallama ba, kada ku yi fushi. Ya san ku ne.