Rasuwar Ɗan Aiken Jadawalin Ruwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta ɗan fi baƙin cikin nauyi, Malam Mudassiru na Kadawa, manomin tumatir, wanda 'yan ƙungiyarsu ta noman rani suke kira Injiniya ba tare da kowa ya taɓa ganin takardarsa ba, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar amintaccen hadiminsa, Ɗan Aike. Marigayin ya cika ranar Asabar da ta wuce, yana da shekara goma sha biyu a bakin aiki, bayan jinyar shekara takwas wadda mai shi ya rufe ido ya ƙi gani.

Ga wanda bai san mamacin ba, wani ɗan guntun umarni ne a cikin manhajar da ake wallafa shafuka a intanet. Turawan da suka ƙirƙire shi sun sa masa dogon suna mai baka biyu a ƙarshe, Malam Mudassiru kuwa ya raɗa masa Ɗan Aike saboda aikinsa ke nan. Duk lokacin da Lukmanu, sakataren ƙungiya, ya rubuta jadawalin ban ruwa na mako, marigayin ne yake ɗauko shi ya kafa a fuskar shafin ƙungiya, kowa ya ga ranar da za a buɗe wa layinsa ruwa. Malam Mudassiru ya tsince shi ne a wani dandalin masu koyon kwamfuta, ya kwafo shi harafi da harafi, ya liƙa, ya ga abu ya yi. Daga ranar aka fara ce masa Injiniya, shi kuma bai musa ba.

Marigayin ya yi ƙuruciya mai albarka. A fitowa ta biyu ta manhajar, sanarwa kawai yake kawowa. A ta uku aka ƙara masa girma, ya koyi haɗawa da kwanan wata. Bai taɓa neman shayi ba, bai taɓa cewa babur ɗinsa ya yi faci ba, ranar kasuwar Bunkure ma ba ya hutu.

Ciwo ya fara ne a fitowa ta huɗu. Masu manhajar suka sanar cewa an yi masa ritaya, an haifa masa ƙane mai ƙarfi a jika. Ba su kore shi ba, sun bar masa suna da kujera. In an aike shi, sai ya juya ya miƙa wa ƙanen saƙon, ƙanen ya je ya dawo, shi kuma ya karɓi yabo. Malam Mudassiru bai ga aibin wannan tsari ba ko kaɗan, don shi ma da haka ya yi suna.

A fitowa ta biyar aka mayar da shi ɗakin tsofaffi, inda ake tara umarnin da aka daina yayi. A nan ne mamacin, wanda bai taɓa ɗaga murya ba, ya fara magana. Kullum aka buɗe shafin, sai ya rubuta a sama da Turanci abin da ma'anarsa ita ce: "An yi mini ritaya tun fitowa ta huɗu. Ku yi aiki da ƙanena a madadina." Har sunan ƙanen yake faɗa, da lambar layin rubutun manhajar da za a gyara. Waɗannan su ne kalamansa kaf a duniya, kuma bai gaji da maimaita su ba. Wajibi ne a faɗi gaskiya a ranar mutuwa: Malam Mudassiru ya karanta, ya gane, ya tsorata. Gyaran layi ɗaya ne, amma yana gudun ya taɓa abu ya rushe a gano iyakar saninsa. Sai ya nemo inda ake kashe gargaɗi ya kashe. Majinyacin ya ci gaba da nishinsa a ciki, mai shi kuma ya ci gaba da cewa lafiya lau.

Ajali ya zo da fitowa ta shida. Manhajar ta sabunta kanta ranar Asabar da hantsi, bisa izinin da Malam Mudassiru ya ba ta da hannunsa, ta share ɗakin tsofaffi gaba ɗaya. Da la'asar Lukmanu ya rubuta cewa saboda gyaran kanal, babbar hanyar ruwan gonakin, an dawo da ruwan layinsu daga Talata zuwa Lahadi, bayan nan kuma sai an kwana goma sha biyu. Babu mai ɗauko saƙon. Shafin ya ci gaba da nuna tsohon jadawalin da ya ajiye, fes da shi, kamar ba a yi mutuwa a gidan ba.

A lokacin tumatirin Malam Mudassiru, fangali sittin da biyu, ya fara fure, matakin da ƙishirwar kwana kaɗan take zubar da furen, noman shekara ya tafi. Ranar Lahadi da safe maiɗakinsa, Saude, ta tarar da shi yana shan koko ta ce, "Baban Rahma, na ji matan maƙwabta suna cewa yau ne ruwa fa." Ya ciro waya, ya buɗe shafin, ya kai mata har gaban ido, ya ce, "Karanta nan. Talata. Intanet ba ta jita-jita." Saude ta ɗauki kwanon kokon ta fita, kuma har yau ba ta tayar da zancen ba, abin da ya fi masa zafi ke nan.

Ranar Talata ya saɓa fartanya da tiyo ya isa gona, ya tarar da kanal ƙayau. Gonakin maƙwabta gabas da yamma sun sha sun ƙoshi, tasa kaɗai ta yi fari a tsakiya. Ya nemi Malam Sammani, dattijon da ke buɗe ƙofar ruwa, ya tambaye shi yadda aka yi kowa ya sani. Dattijon ya ce ai tun ranar Juma'a ya faɗa a ƙofar masallaci, kamar yadda yake yi shekara ashirin, amma Injiniya ana sallama yake ɗaukar takalmi, ba ya tsayawa sanarwa.

Da ya koma gida ya buɗe ƙididdigar masu ziyartar shafin, wadda rabonsa da ita tun shekarar farko. Mutum biyu ya gani. Lukmanu, mai rubutawa don kada ran Injiniya ya ɓaci, da shi kansa, mai karantawa. Shekara goma sha biyu marigayin yana kai saƙo gida ɗaya tak, kuma a gidan aka toshe masa baki. A nan Malam Mudassiru ya ji ƙwalla, ya kasa tantance ko ta tumatir ce ko ta mamacin.

Marigayin ya rasu ya bar ƙane ɗaya, wanda aka ɗora bisa aiki jiya cikin minti huɗu, da sakatare mai haƙuri, da uwargida mai gaskiya, da Injiniya guda wanda yake roƙon a koma kiransa Mudassiru.

An tuntuɓi liman kan sallar jana'iza, ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce wannan gawa ba tasa ba ce. Don haka za a goge layin marigayin ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kuma bayan mai makoki ya tsaya ya saurari sanarwar Malam Sammani daga farko har ƙarshe. Za a karɓi gaisuwa a bakin gonar, yamma da kwalbati na biyu, tun daga la'asar har zuwa ranar da ruwa zai dawo, saura kwana bakwai daga Juma'ar. Rabin furen yana nan bai zube ba tukuna. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su taƙaita jawabi, kowa ya zo da jarkarsa a cike.