Ranar Da Na Gwada Fili Da Farin Wando

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je gwada ƙasa a Yankara, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta. Lokacin kuɗin mai ya shigo ƙasa, kowa sai sayen fili yake. Ni kuma ban daɗe da gama makarantar koyon aikin gona ba, kaina ya fi rumbu girma.

Kawuna, Alhaji Sale, ya ga wani fili a bayan gari, yana son ya gina gida ya haƙa rijiya. Na ce masa kada ya kuskura ya saya sai na gwada ƙasar, don in akwai guba a ciki, iyalinsa ne za su sha ta a ruwa. (Nan dai na yi gaskiya. Daga nan ne na fara ɓata rawata da tsalle.)

Ranar kasuwa muka je, bayan an kwana biyu ana ruwa. Na sha farin wando mai faɗin ƙafa da takalmi mai tudu, ga akwatin kwalabe a hannu. Kafin ka ce kwabo mutane sun taru kallon ɗan boko. Saboda kada wandon ya ɓaci, ban haƙa ko taƙi ɗaya ba. Ƙasar sama kawai na yaɓuto da cokali, na zuba a kwalba, na ɗiga magani, na girgiza ina ɗaure fuska.

Wani tsohon manomi, Baba Tanko, ya matso ya ce, "Malam, mi kwalbar ta ce? Ni dai ban ga tana ko ɗaya ba a filin nan, kuma dubi ciyawar, tsakiya duk ta ƙi fitowa."

Na ce, "Baba, ai yanzu zamanin ilimi ne, an daina tambayar tana."

Ya ce, "To, Allah shi ba da sa'a."

Na taka har tsakiyar filin, na ɗaga kwalba sama, na ce, "Kawu, saya! Ƙasar nan lafiya lau take!" Don in ƙara wa maganar armashi sai na buga ƙafa da ƙarfi.

Wayyo Allah! Ƙasa ta burma da ni har ƙugu. Ashe tsohuwar marina ce, an cike ramukan rini da shara, ruwan sama ya jiƙa su. Wani baƙin taɓo mai shuɗi-shuɗi da ɗan karen wari ya riƙe ni gam. Baba Tanko ne ya miƙo mini ƙotar fartanyarsa ya jawo ni, takalmi ɗaya kuwa yana can har yau. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba, har na so ramin ya ƙarasa haɗiye ni.

Kawu ya dube ni sama da ƙasa, yana danne dariya, ya ce, "Kai, boko ya yi rana! Na fasa saye. Gwaji dai ya yi kyau, sai dai da kai aka yi shi."

Har yanzu in na shiga Yankara, tsofaffi Malam Shuɗi suke kirana. Ni kuma tun daga ranar, kafin in buɗe kwalba sai na haƙa rami, kafin in haƙa rami kuwa sai na gaida tsohon da ke maƙwabtaka da filin, in tambaye shi labarin tana.