Zamana Cikin Jar Motar Isuhu

Ba zan taɓa mantawa da wannan safiya ba, ko da Allah ya ƙara mini wasu shekarun a kan waɗanda na ci.

Ina da jika, Isuhu, ɗan babbar ɗiyata, yana aiki a Yamai. Wata rana sai ga shi Tasawa da wata jar mota mai kujera biyu, gajera, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Ko'ina aka yi tudun rage gudu a kan kwalta sai ka ji ta ƙurrr, ta goga ciki. Ya ce ya cire ƙafafunta na asali, ya sa wasu da yake kira amortisa, masu zobe, in an murza motar ta tashi, in an warware ta kwanta. (Ni dai na ce mutumin da ya sayi mota lafiya lau ya cire mata ƙafa, addu'a yake buƙata.)

Ana jibi sunan jikanyar ƙanwata, can wani ƙauye gaba da Kona, sai ya kai ni likita a duba mini gwiwa. Da na hau sikeli na ga ya leƙa, ya ƙara leƙawa, ya yi murmushi. Na ce a raina, Allah sarki, yaron nan ya damu da lafiyata. A hanya ya ce, "Amaryata, jibi da sassafe ina son ki zo ki zauna mini cikin mota."

Ku ji fa abin da ya faɗa. Bai ce tafiya ba, bai ce suna ba. Ni ce na ɗauki maganar na yi mata ɗaki, na yi mata rufi. Jibi suna, jibi mota, to me ya rage? Kafin magariba na aika wa Ta Sallah, ƙawata da ke haɗa mata a motar haya, cewa ta ba wata wurina, mijina zai kai ni.

Ranar na sa leshin da nake ɓoyo a ƙasan adaka, na yi turare, na ɗaure turmin atamfa da sabulu da 'yar ƙwaryar barka. Isuhu ya kai ni dandamalin siminti na gaban magaza, ɗakin ajiyar hatsi, wai nan ne kaɗai ƙasa ta daidaita a unguwarmu. Dab da wurin kuma motar matan take lodi. Na ce madalla, kowa ma ya gani.

Akwai wani bakanike, Malam Idi, kwance a gindin motar da wani ƙarfe mai ƙugiya na murza zoben. Aka buɗe mini ƙofar direba. Na ɗan yi turus, sai na ce ƙila hoto za a fara ɗauka. Na sauka cikin kujerar nan kamar mai shiga rijiya, gwiwoyina suka zo daidai haɓata. Isuhu ya karɓe ƙullina ya ajiye a ƙasa.

"Kaka, kar ki motsa. Ki miƙe zaune."

Na miƙe. Ya zaro awon tela, ya ɗora daga tsakiyar taya zuwa bakin ƙarfen da ke samanta, ya faɗi lamba da Faransanci. Malam Idi ya ɗaga motar da jak, ya murza, ya sauke. Sai suka koma baya suka fara turawa. Na ɗaga hannu na yi addu'ar tafiya cikakkiya, na ɗaga wa mata hannu. Mota ta yi taku biyar ta tsaya. Suka zagayo gaba suka mayar da ni inda na fito. (Daga baya na ji wai don ƙafafun su zauna daidai ne kafin a sake awo.) Sau uku ana haka, sau uku ina addu'a, sau uku ina sallama da mutane.

Ina jin Isuhu yana cewa in ta yi ƙasa da yawa za ta goga ciki, in ta yi sama za ta yi rawa a kwana, hagu da dama kuma dole su zo ɗaya. Ni ina gyaɗa kai da girma, kamar da ni ake shawara.

Rana ta ɗaga, leshi ya jiƙe. Sai ga Ta Sallah, mata huɗu a bayanta.

"Isuhu, mu mun cika. Yaushe za ku tashi, ko mu ce su jira tsohuwa kafin a yi wa jinjira aski?"

"Ku tahi," na ce, "ma wuce ku a hanya."

Isuhu ya ɗago daga gindin taya, awo a hannu. "Tashi zuwa ina, Inna? Wagga mota ba ta shiga rairayi. Tsawonta muke gyarawa. Ba a awo sai da nauyin direba a kujera, ni kuma ina son in auna da idona. Shekaranjiya na ga nauyinmu ɗaya da Kaka, ko kilo bai raba mu ba."

Malam Idi, da ba wanda ya tambaye shi, ya leƙo daga ƙasa. "Ai buhun gero muka fara sawa, Hajiya. Ya yi nauyi da yawa, kuma ba ya zama tsaye."

Ta Sallah ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Ta ce, "To Allah shi ba da sa'ar aiki."

Na yunƙura in fita cikin fushi, in bar masa motarsa. Jama'a, na kasa. Kujerar ta riƙe ni, gwiwa ta ƙi. Na kama sitiyari na ja, sai oda ta ɗauka, duk wanda bai juyo ba ya juyo.

"Kai mara kunya, ciro ni."

"Amarya, saura taya ɗaya. In kin fita aikin safe duk ya lalace. Ki yi haƙuri, kar ki motsa."

Kuma na zauna. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ina kallo motar mata ta tashi da wata a wurina, ni kuwa na miƙe zaune har aka gama tayar baya ta dama, don ko ba komi ba na son a ce aikin da na sa jiki ya fito a karkace. Sannan mutum biyu suka zaro ni.

Na isa ƙauyen bayan azahar a bayan babur ɗin kabu-kabu, an yi aski, an raba nama, labari ya riga ni. Ƙanwata ta tare ni a ƙofa tana tambaya ko an sallame ni daga aiki.

Yanzu duk jikan da ya zo da fara'a ya ce in zo in zauna, sai na tambaye shi a ina, don me, kuma wa zai tashe ni.