Kifin Dolores

"Lafiya lau na kwana, sai da na gan ki," in ji tsoho Leonard, yana kwance igiyar jirginsa a bakin Tafkin Erie.

Jikarsa Renata ta tsallako ciki da ƙananan alluna huɗu a hammata. Kwana biyar ke nan kakarta Dolores, matar Leonard, ta ƙi abinci tun da aka yi mata aiki. Jiya ta ce soyayyen kifin tafkin nan kawai take marmari. Sau biyu Leonard yana fita, yana dawowa ba ko ɗaya.

"Waɗannan fa? Makaranta za ki buɗe wa kifaye?"

"Kai zan koya wa, Kaka. Ruwa ya yi garau, injinka mai tarin fuka yana korar su. Allon nan zai ja zaren ƙugiya can gefe, nesa da jirgi."

"Shekara hamsin ina kamu ba allo. Kifayen nan da suna suke gaishe ni."

"Shi ya sa suke guje maka, sun san halinka."

"Ke da kike kuka in kin ga tana!"

"Ina da shekara huɗu. Kai kuma jiya me ya sa ka kuka?"

Ya juya ya tada inji. Da suka yi nisa ta maƙala kowane allo a zare, ta sake su. Suka jera a kan ruwa kamar agwagi, biyu dama, biyu hagu. Awa uku, shiru.

"Kin gaji, mu juya?"

"Ka juya kai kaɗai, da iyo."

"Madalla. Ni ma ba zan kalli matar nan hannu rabbana ba."

Can sai allon ƙarshe na dama ya ja baya, ya dulmiya.

"Ga abin wasanki nan ya nutse."

"Kifi ne, tsoho! Rage gudu, ka naɗe!"

Ya naɗe zaren. Ta cire allon, ta sa raga, ta ɗago kifi mai tsawon kamu ɗaya da rabi yana fal-fal.

Leonard ya yi dariya har da tari. Ya cire hularsa ya kifa mata.

"In kakarki ta tambaya, ni na kama."

"Da allon wa?"

"Mai da allon ruwa, kyaftin. Ƙila ta nemi ƙari."