Takalman da Na Ajiye wa Kaka Saratu

Ba zan taɓa mantawa ba da Lahadin da aka ɗaga takalmana sama a gaban dukan majami'a.

Shekarar da na shiga sakandare ce, soja na mulki, aka kawo ni Jos wurin Gwaggo Rifkatu, can gefen Naraguta. Wata huɗu na yi ban yi ƙawa ko ɗaya ba. A makaranta nakan ci ƙosaina a bayan aji, a majami'a kuma in zauna a bakin benci ina kallon mutane. Kallo kam na iya shi. Na san wanda maɓallin rigarsa ya cire, na san wadda ke gyangyaɗi lokacin wa'azi.

Wata Lahadi Fasto ya ce mulkin sama ba sai an mutu ake fara ɗanɗana shi ba, kullum ake zamansa, duk sa'ad da mutum ya rabu da abin da yake ƙauna domin wani. Na koma gida da maganar. Na yi wa Allah tayi a zuciyata: in na sadaukar da wani abu, ya ba ni wanda zai riƙa yi mini magana (i, ciniki na so yi da shi, na sani).

Na riga na zaɓi wadda zan taimaka wa. Kaka Saratu, wata tsohuwa mai zama ita kaɗai a bencin baya, kullum ƙafa ba takalmi a kan sumuntin nan mai sanyi kamar ƙanƙara. Na lura da kaushin dugaduganta. Na ma gwada tsawon ƙafarta da ido, na ga daidai da tawa. Gaishe ta ne kawai ban taɓa iya yi ba.

Sai na naɗe sandal ɗina na makaranta, su ke nan gare ni, a tsohuwar jarida. Na yi sammako da silifas, na tura ƙunshin ƙarƙashin bencinta, na zauna ina jin kaina kamar mala'ika.

Lokacin sanarwa, sakataren majami'a ya ce Kaka Saratu ta tsinci kayan wani. Ya buɗe jaridar, ya ɗaga takalman, ya leƙa ƙarƙashin maɗauri. Na manta an sa mu rubuta sunayenmu da biro a makaranta. Ya karanta sunana har da ajinmu.

Na taso, silifas na faf-faf har gaba. Gwaggo tana cikin 'yan zumuntar mata, idonta ya kusa huda mini baya. Sakatare ya tambaye ni yadda takalmi ya naɗe kansa a jarida. Na ce kyauta ce, na ga Kaka ba ta da takalmi.

Dariya ta fara daga wurin mawaƙa ta bi benci-benci. Ashe kowa ya sani sai ni: tun tana budurwa Kaka Saratu ba ta taka ɗakin sujada da takalmi. Nata na fata, masu kyau, ɗanta ya kawo mata daga Kaduna, suna bayan ƙofa kowace Lahadi. Ni mai kallo ban taɓa kallon bayan ƙofa ba.

Na rungume sandal ɗina zan wuce waje in ɓace, sai Kaka ta kama mini hannu. Ta matsa, ta buga benci da tafinta.

“Zauna nan, jikata. Ƙafata ba ta jin sanyi. Wurin nan ne ya yi mini faɗi.”

Shekara uku na yi a bencin nan. Gwaggo kuwa ta yi mako tana duba ƙafata kafin in fita.

Abin da na koya? Kafin ki kai wa tsohuwa takalmi, fara kai mata “ina kwana”. Wannan ce sadaukarwar da ta fi ƙarfina, shi ya sa na zaɓi mai sauƙin.