'Yartaƙi da Awon Reshen Marke

A wani daji mai yawan marke, dabbobi suna da majalisa, majalisar kuma tana da al'ada guda da take tinƙaho da ita: ba a yanke hukuncin iyaka sai mai awo ya yi magana. Abin da kawai ya rage musu shi ne samun mai awon.

A daminar nan ne Tabawa kurciya ta yi sheƙa a wani reshen marke, ta saka ƙwai biyu. Ba a jima ba Barau kurege ya kai ƙara, wai rabin reshen gadon kakansa ne, kuma sheƙar a rabinsa take. In aka ba shi gaskiya, za a ture sheƙar da abin da ke ciki. Tabawa ta tsorata ƙwarai, domin Barau yana da baki, yana kuma da surukai a majalisa.

Ana cikin muhawara a gindin itacen, sai ga wata 'yar tsutsa mai launin toka tana bin reshen. Ta miƙa gaba, ta jawo baya har tsakiyarta ta tanƙware sama, ta sake miƙewa, kamar mai auna yadi da taƙin hannu.

Burtu, shugaban majalisa, ya gyara murya. "Jama'a, ku dubi ikon Allah. Shekara da shekaru muna neman mai awo, ashe tana bisa kanmu tana aiki ba a sani ba. Daga yau sunanta 'Yartaƙi. Na haramta wa kowane tsuntsu ya kai mata baki, har da ni kaina, ko da yake ban karya kumallo ba."

"Ranka ya daɗe," in ji tsutsar, "ni ba awo nake ba. Ƙafafuna a gaba da baya suke, tsakiya babu, shi ya sa nake tafiya haka. Ganye nake nema."

"Kun ji tawali'u," in ji Burtu. "Haka masana na gaskiya suke."

Tabawa tana kwance kan ƙwai, ita ta fi kowa ganin mai awon. Ta ga in inuwar tsuntsu ta gifta, sai tsutsar ta kafe ƙafafun baya, ta miƙe ta sandare, ta koma tsinke sak, har Tabawa ta neme ta ta rasa alhali tana gabanta. Wata safiya kuma ta ga ta saki zare daga bakinta, ta sauka a kansa a hankali tana lilo, ta shige ƙarƙashin busassun ganye, ba ta sake fitowa ba.

Tabawa ta ɓoye abin da ta gani. In aka gane mai awo ta tafi, surukan Barau za su gama da ita a zama ɗaya. Da majalisa ta taru, sai Burtu ya ɗaga kai ya ce, "Shiru! Ga ta can ta tsaya cik. Lissafi take."

Tabawa ta duba. Tsinke ne na gaske, wanda ita da kanta ta taɓa ja don ginin sheƙa ya ƙi ɓallewa. Ta ja bakinta ta rufe.

Kullum majalisa sai ta zauna tana magana ƙasa-ƙasa don kada a katse lissafi. Barau ya dinga hawa a ɓoye yana ajiye ɗanyen ganye kusa da tsinken, ganyen yana bushewa ba a taɓa shi ba. Labari ya bazu cewa mai awon nan ba ta cin hanci. A cikin haka ƙwan Tabawa suka ƙyanƙyashe.

Wata safiya bayan ruwa, Tabawa ta sauka kiwo, sai ta ga wani ɗan ƙulli ruwan ƙasa ya tsage a cikin ganye. Wata halitta a jiƙe ta fito, ta hau gindin marken da ƙyar, fuka-fukanta a tattare kamar tsumma. Tabawa ta manta da abincin da ta fito nema. A gaban idonta fuka-fukan suka buɗe, suka bushe, ga zane-zane siri-siri a kansu, daidai da tsagar ɓawon itacen, ba ragi ba ƙari. Tsutsar ta zama malam-buɗe-littafi. Tabawa ta yi tasbihi a ranta.

"'Yartaƙi, ke ce?" ta tambaya a hankali.

"Ni ce, Inna Tabawa."

"Suna nan suna jiran ki."

"Wadda suke jira ta ƙare a cikin ƙullin can. Ni kwanakina kaɗan ne, in samu miji in yi ƙwai a bayan ganye, na gama. 'Ya'yanki sun yi gashi?"

"Saura kaɗan su tashi."

"To, ki bar su da tsinkensu."

Ta shimfiɗa fuka-fukanta a jikin ɓawon, ta ɓace. A ranar, majalisa ta yi zamanta har la'asar, 'Yartaƙi kuwa tana manne taƙi ɗaya bisa kan shugaba.

'Ya'yan Tabawa suka tashi, ta bi su, iska ta watsar da sheƙar. Barau yana nan yana jiran gadonsa. Majalisa kuwa ta tabbatar wa tsinken muƙaminsa na har abada, domin a tarihin dajin nan ba a taɓa samun ma'aikacin da bai yi kuskure ko sau ɗaya ba sai shi.